GUMI, WARI DA TURARE: HAƘƘIN JIKI DA HAƘƘIN MAƘWABCIN SAHU

 Maganar da za mu ɗauko a wannan mako kowa ya san ta, sai dai kunya takan hana a taɓo ta a majalisa, watau maganar gumi da warin jiki.

Duk wanda ya san ƙasar Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato ya san abin da ake nufi da bazara. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, har kwaltar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega takan riƙa walƙiya kamar an zuba mata ruwa. A wannan lokaci manomin rani da ke fadama, da ɗan dako mai sauke buhuna, da ɗan tireda da ke zaune ƙarƙashin rumfar kwano, da ma'aikacin gwamnati da wuta ta ɗauke masa a ofis, dukansu jiƙe suke sharkaf. Ranar Juma'a kuwa duk sai su taru a sahu guda, kafaɗa da kafaɗa.

A nan ne mutane suka kasu biyu, kuma kowane kashi da kurensa. Akwai masu toshe hanci su raina duk wanda suka gani da gumi, suna ɗaukarsa ƙazami. Akwai kuma masu sakaci da jikinsu, su bulbula turare a kan dauɗa su ɗauka sun sauke nauyi. Tushen kuskuren duka biyun ɗaya ne, watau rashin sanin abin da gumi yake da kuma inda wari yake fitowa. In an san waɗannan biyu, za a ga cewa gumi ni'ima ce mai tsarki, wari kuwa abu ne da yake biyowa baya idan an bar gumin ya kwana, kuma shi ne Shari'a ta ɗora mana kawar da shi saboda haƙƙin jama'a.

RANDAR DA KE JIKIN MUTUM

Jikin ɗan Adam yana son ya zauna a kan zafin digiri 37, ko ana sanyin hunturu ko ana ƙunar bazara. Abincin da muke ci da aikin da gaɓoɓi suke yi suna haifar da zafi daga ciki, rana kuma tana ƙara nata daga waje. Da babu hanyar fitar da wannan zafi, da mai noma a fadama bai kai azahar da ransa ba.

Hanyar da Allah Ya tanada ita ce wasu 'yan ƙananan maɓuɓɓugai da ke binne cikin fata, waɗanda likitoci suka ƙiyasta yawansu daga miliyan 2 zuwa miliyan 4 a jikin mutum guda. Sun fi cunkushewa a tafin hannu da tafin ƙafa da goshi. Abin da suke fitarwa kashi 99 cikin 100 ruwa ne, sauran kuwa gishiri ne da wasu sinadarai 'yan kaɗan. Wannan ruwa ba shi da wari sa'ad da ya fito.

Wanda yake son ya gane yadda gumi yake sanyaya jiki, ya dubi randar ƙasa da ke gindin bishiya a tsakar gida. Randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, sai ruwan da ke ciki ya yi sanyi. Bokitin roba ba ya tsattsafowa, saboda haka ruwansa yakan wuni da ɗumi. To, haka fatar mutum take. Bushewar gumin ita ce take tafiya da zafi, kuma masana sun auna sun ga lita ɗaya ta gumi idan ta bushe a kan fata tana ɗauke zafin da zai isa ya tafasa ruwa kimanin lita 7. Gumin da ya ɗiga ƙasa ko aka share da hankici bai yi wannan aiki ba. Wannan ne dalilin da ya sa zafin gab da faɗuwar damina ya fi gallabar mutane, domin iska ta riga ta cika da laima, gumi yana kwarara amma ba ya bushewa. Shi ne kuma hikimar yalwatacciyar rigar auduga irin ta iyayenmu, wadda iska take shiga ta fita yadda ta ga dama.

RANAR DA GUMI YA KASA

Mai aikin ƙarfi cikin rana yana iya zubar da gumi lita 1 zuwa 2 a sa'a guda, wani ma ya kai lita 10 a wuni. Idan ba a mayar da wannan ruwa ba, jini yakan ragu, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, kai ya yi ciwo, fitsari ya ƙaranta ya yi ja. Idan abin ya ci gaba har zafin cikin jiki ya haura digiri 40, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, mutum ya riƙa sambatu ko tangaɗi ko ya faɗi sumamme, sau da yawa kuma fatarsa ta bushe ƙayau ta yi zafi kamar tukunya. Wannan shi ne bugun zafi, kuma yana kashewa cikin ƙanƙanen lokaci, musamman tsofaffi da yara da masu ciwon suga ko hawan jini.

Kada wani ya ɗauka labarin nesa ne. A aikin Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar rasuwar alhazai 1,301, galibinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa ba tare da inuwa ba. A watan Afrilun 2024 kuma an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, ana tsakiyar azumi. Mu ma nan azumin 2022 da 2023 da 2024 duk cikin bazara muka yi su.

Idan aka ga mutum ya faɗi haka a kasuwa ko a gona, kada a tsaya ana cewa iska ce ta taɓa shi. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a kwarara masa ruwa a jiki duka, a yi ta yi masa fifita, a kuma gaggauta kai shi asibiti. Kada a ɗura wa sumamme ruwa a baki. In kuwa yana cikin hayyacinsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, watau lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa mai azumin da ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, wajibi ne a kansa ya sha ruwa ya rama daga baya. Saboda haka duk mai neman maganin da zai tsayar masa da gumin jiki gaba ɗaya, ya sani randarsa yake neman shafewa da siminti.

DAGA INA WARI YAKE FITOWA?

Ban da maɓuɓɓugan da muka ambata, akwai wasu iri na biyu waɗanda suka taru a hammata da mara. Waɗannan barci suke yi har sai yaro ya balaga, shi ya sa ƙaramin yaro zai wuni yana guje-guje amma ba a jin tsamin hammata a jikinsa. Abin da suke fitarwa kaɗan ne, mai kauri da maiƙo, kuma tsoro da fushi da fargaba sun fi zafin rana motsa su. Ma'aikacin da aka kira gaban babba domin ya yi bayanin kuɗi, ko ɗan kasuwar da mai bashi ya tsare, wannan gumi ne yake karyo musu ko da suna ƙarƙashin fanka.

Abin mamaki shi ne, shi ma wannan gumi na biyu ba shi da wari lokacin da ya fito. A kan fatar kowane mutum, sarki ko talaka, akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda masana suke kira bakteriya. Mafi yawansu ba sa cutarwa, wasu ma kariya suke yi wa fata. To, su ne suke cin wannan maiƙo, kuma abin da suke bari a baya shi ne wari. A 2020 masu bincike a Jami'ar Yok ta Ingila suka bayyana ainihin sinadarin da wata irin bakteriya mai suna Sitafilokokas hominis take amfani da shi wajen juya gumin hammata ya koma wani abu mai ɗauke da farar wuta, wanda warinsa yake kama da na albasa. Wasu ire-iren kuma su suke haifar da tsami irin na bunsuru. Gashin hammata yana riƙe danshi ya ba su wurin zama mai faɗi, kuma cikin 'yan sa'o'i sukan ninka yawansu.

Tufafi ma suna da nasu rabo. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Gent ta ƙasar Beljiyam a 2014 ya nuna rigunan roba irin na foliyesta sun fi na auduga ɗaukar wari bayan an yi gumi a cikinsu, domin wasu bakteriya sun fi hayayyafa a kansu. Masu sayar da yadi su lura da wannan idan mai saye ya nemi shawararsu cikin bazara.

Haka nan akwai gado a cikin al'amarin. A 2006 masana a ƙasar Japan suka gano wata ƙwayar gado guda wadda ita ce take sa dauɗar kunnen mutum ta zama busasshiya ko mai danshi, daga baya kuma aka tabbatar ita ce dai take iko da ƙarfin warin hammata. Galibin mutanen Koriya da Sin da Japan sun gaji nau'in da ba ya wari sosai, mutanen Afirka da Turawa kuwa kusan dukansu ɗaya nau'in suka gada. Akwai ma wata lalura ta gado, wadda ba ta da yawa, da takan sa jikin mutum ya riƙa ƙarnin kifi ko da sau nawa ya yi wanka. Wannan kaɗai ya isa ya hana mai hankali saurin yanke wa ɗan'uwansa hukuncin ƙazanta.

ABIN DA SHARI'A TA HORE MU DA SHI

Mutanen ƙasar Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, ba baƙi ba ne ga babin tsarki, domin yana cikin babukan farko da almajiri yake karantawa a Ahalari da Ishmawi da Risala. Hukuncin da malaman Malikiyya suka tabbatar shi ne gumin mai rai mai tsarki ne. Ba ya karya alwala, ba ya ɓata tufa, ko da na mai janaba ne ko na mai haila. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar yakan yi gumi a cikin tufa alhali yana da janaba, sa'an nan ya yi salla da tufar. Imamu Muslim kuma ya ruwaito yadda Ummu Sulaim, mahaifiyar Anas ɗan Malik, take tara gumin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a cikin kwalba tana haɗawa da turarenta.

To, in gumi mai tsarki ne, me ya kawo wankan Juma'a? Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da asalin abin cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito. Mutane ne ma'aikata suke zuwa Juma'a daga gidajensu da ƙauyukan da ke gefen Madina, sun sha ƙura sun yi gumi cikin tufafinsu, wari yana tashi daga gare su, sai Annabi ya nuna musu da ma sun yi wanka saboda wannan rana. A lura, bai kore su ba, bai kuma aibata sana'arsu ba, hanyar gyara kawai ya nuna musu cikin taushin harshe.

Malikiyya sun ce wankan Juma'a sunna ce mai ƙarfi, kuma sun sharɗanta ya haɗu da tafiya masallaci. Wanda ya yi wanka da sassafe, ya tafi kasuwa ya wuni yana ɗaga kaya, ana so ya sake wani. Wanda ya fahimci yadda bakteriya suke ninkuwa cikin 'yan sa'o'i zai ga dacewar wannan sharaɗi da abin da ake nufi da wankan. Haka kuma cire gashin hammata da aske na mara suna cikin sunnonin fiɗira, kuma Anas ya ruwaito cewa an iyakance musu kada su bar su fiye da kwana 40. Wuraren nan biyu su ne daidai inda maɓuɓɓugai iri na biyu suka taru.

ALBASA DA TAFARNUWA

Wannan babi ya shafe mu ƙwarai, domin ƙasarmu ƙasar albasa ce, ga kuma Aliero maƙwabciyarmu a Jihar Kebbi wadda sunanta ya kai har ƙasashen waje saboda ita. Albasa da tafarnuwa halal ne, arziki ne, kuma da su ake riƙe gidaje masu yawa. Amma ya tabbata cikin ingantattun hadisai cewa an hana wanda ya ci su ɗanye kusantar masallaci, saboda yana cutar da masallata da mala'iku. Sayyidina Umar kuma ya yi wa mutane huɗuba ya ce wanda ba makawa sai ya ci, to, ya kashe warinsu da dafuwa.

Wani zai ce ai asuwaki ya wadatar. Asuwaki yana kawar da abin da ya maƙale a baki, amma tafarnuwa tana da wani sinadari mai farar wuta wanda yake wucewa daga hanji ya shiga jini, daga nan ya riƙa fita ta huhu da ta fata na tsawon sa'o'i masu yawa, wani lokaci har wuni guda. Watau warin daga cikin jini yake tasowa, inda asuwaki da sabulu ba sa kaiwa. Mai son ɗanyar albasa a kan tsire ko cikin kwaɗo ya bari sai bayan isha'i, ranar Juma'a kuwa ya haƙura sai an sauko. Malamai sun yi ƙiyasin duk wani abu mai wari a kan waɗannan, kamar taba sigari da tufafin aikin mahauci da na majemi da na mai sayar da kifi. Wanda sana'arsa take haka, ya keɓe riga guda ta masallaci ya rataye ta nesa da wurin aiki.

HANCI DA SAƘON DA JIKI YAKE AIKAWA

Ƙamshin jiki yana da wani aiki bayan damun maƙwabci. Hancin mutum yana da ire-iren makaman ƙamshi kimanin 400, kamar yadda ya bayyana bayan binciken da Linda Buck da Richard Axel na Amurka suka buga a 1991, wanda ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2004. Kowane mutum kuma yana da ƙamshin jikinsa na kansa, wanda gado da abinci da bakteriyar fatarsa suka haɗu suka tsara. Da shi kare yake bin sawun mutum guda cikin taro.

A cikin Suratu Yusuf an ba mu labarin yadda Annabi Yakubu ya ji ƙamshin ɗansa tun ayarin da ke ɗauke da rigarsa yana barin Masar. Jin ƙamshi daga wannan nisa mu'ujiza ce, babu ilmin likita da zai fassara ta. Amma gane ɗa ta ƙamshin rigarsa abu ne da Allah Ya sanya ɗan rabonsa cikin iyaye. An gwada a Amurka cikin shekarun 1980 aka ga mata masu jego da yawa suna iya tsamo rigar jaririnsu daga cikin wasu ta hanyar sansanawa kawai. Tun a 1975 kuma wani likita a Okasfod ya nuna cewa jariri ɗan kwana 6 yana juya kai wajen ƙyallen da ya taɓa nonon uwarsa ya bar na wata mace. Saboda haka mai jego ta sassauta turare mai ƙarfi a ƙirjinta cikin kwanakin farko, domin da hanci jaririn yake neman hanyarsa. Har tsoro ma yana da nasa saƙo, domin a 2009 masu bincike a Jami'ar Stony Brook ta Amurka sun tara gumin mutanen da suka yi tsalle daga jirgin sama da laima karo na farko, suka ba wasu suka shaƙa ba tare da sun san ko mene ne ba, sai na'ura ta nuna sashen ƙwaƙwalwarsu mai kula da fargaba ya motsa fiye da yadda ya motsa da gumin motsa jiki.

Sai dai a nan akwai gargaɗi. Dabbobi da ƙwari suna da wasu sinadarai da ake kira feromon, waɗanda ɗaya yake fitarwa su ja hankalin ɗan'uwansa tilas. Bajamushe Adolf Butenandt ne ya fara tsamo irinsu a 1959, bayan ya tara matan malam-buɗe-littafin siliki kimanin 500,000. Amma har yau masana ba su tabbatar da wani sinadari guda da yake yin irin wannan aiki a jikin ɗan Adam ba. Saboda haka turaren da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp da sunan turaren mallaka ko na farin jini, wai kimiyya ta tabbatar yana juya zuciyar mace ko ta miji ko ta mai saye, cin dukiyar mutane ne da ƙarya. Ɗan kasuwa Musulmi ya sayar da turarensa a matsayin turare.

SAURO MA DA HANCI YAKE FARAUTA

Akwai wani mai sauraron saƙon jikinmu wanda ba ya nufin mu da alheri, shi ne sauron da yake kawo zazzaɓin cizon sauro, cutar da take ɗauke mana yara kowace damina. Yana bin numfashin mutum daga nesa, in ya matso sai ya bi warin fata. Masana a ƙasar Holan sun nuna cikin shekarun 1990 cewa sauron Afirka mai yaɗa wannan cuta ya fi son warin ƙafa, kuma da aka wanke ƙafafun da sabulu sai ya koma cizon wasu sassan jiki. Ke nan wanke ƙafa da safa abu ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin gidan sauro. An kuma gano a ƙasar Kenya cewa yaron da ƙwayar cutar take cikin jininsa ƙamshin jikinsa yakan sauya har ya fi jawo sauro. A 2018 aka ba da rahoton gwajin da aka yi da safar 'yan makaranta na ƙasar Gambiya, inda karnukan da aka horar suka gane kimanin 70 cikin 100 na safar yaran da suke ɗauke da ƙwayar cutar.

Sauyin ƙamshi ko na gumi yakan zama ƙararrawa ga mai hankali. Mai ciwon suga da numfashinsa ya koma kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, a gaggauta kai shi asibiti. Mai jiƙa shimfiɗa da gumi cikin dare, ga tari fiye da mako 2, ga rama, ya je a gwada shi ko tarin fuka ne. Turare ba ya maganin waɗannan, sai dai ya ɓoye su har su yi ƙarfi.

MATSAYIN TURARE

Turare sunna ne, Annabi yana son sa, ba ya kuma mayar da shi idan an ba shi kyauta. Miski, wanda ya yaba a kan sauran turaruka, asalinsa daga wata jaka ce da ke kusa da cibiyar namijin wata barewa mai zama a duwatsun Himalaya da ƙasar Sin, kuma da shi take aika saƙo ga 'yan'uwanta. Malamai sun hukunta shi mai tsarki ne. Mafi yawan miskin da ke kasuwa yanzu haɗin masana'anta ne, abin da aka fara tun 1888. Mu ma muna da namu, daga kajiji da hano zuwa humra da turaren wuta na mutanen Barno, har da Bint el Sudan wanda kamfanin W. J. Bush na Landan ya fara haɗawa a 1920, aka dawo ana yin sa a Kano, ya kuma karɓu wajen Musulmi saboda da mai aka haɗa shi ba da barasa ba.

Amma Shari'a ta sa wa turare tsari. Wanka ne farko, sa'an nan tufa mai tsabta, sa'an nan turare. An hana mace shafa shi idan za ta fita masallaci, an bar mata shi a ɗakinta, an kuma hana mai harami da Hajji ko Umra taɓa shi. Wannan ya nuna an san ƙamshi yana da tasiri a zukata. Wanda ya zuba turare a kan hammatar da ta kwana biyu ba ta ga ruwa ba, bakteriyar suna nan suna aikinsu, sai dai wari biyu su haɗu su zama na uku wanda ya fi su muni. Abin da yake aiki shi ne ruwa da sabulu, ko da sabulun salo ne, da busar da hammata sosai, da rage gashi, da sauya 'yar ciki kullum, da shanya tufafi a rana. Alimun da lemun tsami da mutanenmu suka saba shafawa suna rage bakteriya, sai dai kada a sa su a fatar da aka aske yanzu ko mai rauni. Man hammata na kanti iri biyu ne, wani yana kashe wari, wani kuma yana toshe maɓuɓɓugan wurin na ɗan lokaci, kuma tun da hammata ƙaramin wuri ce, wannan ba ya hana jiki sanyaya kansa.

HAƘƘI A KAN KOWA

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan babi karin maganar bai ci ba. Hanci yana sabawa da warin da ya daɗe tare da shi cikin 'yan mintoci har ya daina jin sa, saboda haka mai warin shi ne na ƙarshen sani. Haƙƙinsa ne a kan matarsa da amininsa da abokin aikinsa su gaya masa a keɓe cikin mutunci, maimakon a riƙa ƙyafta ido ana darewa idan ya shigo. Shi kuma ya karɓa da godiya.

Haka nan attajiri da babban ma'aikaci su tuna ba kowa ne yake da famfo a gida ba. A ƙauyuka da yawa na Tambuwal da Kebbe rijiyoyi sukan ja baya cikin bazara, har garwar ruwa ta zama abin lissafi tsakanin sha da girki da wanka. Wanda Allah Ya hore wa, ya haƙa rijiya ko ya gina makewayi da wurin wanka kusa da kasuwa ko masallacin Juma'a, wannan ya fi toshe hanci amfani nesa ba kusa ba. Wanda kuma yake da 'yan dako ko leburori a ƙarƙashinsa, ya tanada musu inuwa da ruwan sha, ya ɗaga musu aiki mai nauyi daga tsakar rana, ya sallame su da wuri ranar Juma'a domin su sami damar wanka, ya kuma tuna hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito wanda ya yi umurni a biya ma'aikaci ladansa tun jikinsa bai bushe ba.

Allah Ya tsarkake mana zukatanmu da jikunanmu, Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, Ya sa mu ga damina lafiya, amin.